Akwati Mai Ciki Biyu

Mai walda na durƙushe a kan wata ƙofar ƙarfe, gilashin walda a fuskarsa, wuta na ta tartsatsi, sai ya ga ƙafafun mace sun tsaya a gabansa. Tun kafin ya ɗaga kai ya gane silifas ɗin. Maman Dogo ce, mai injin markaɗe, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasa. Tun rasuwar mijinta shi ke yi mata gyaran inji, kuma ba ta taɓa zuwa shagonsa ba sai da wani karyayyen ƙarfe a hannu. Yau waya ce kawai a hannunta.

"Injin ne ya sake yin gardama?" in ji shi. "Na gaya miki tsohon nan ritaya yake nema."

"Ba inji ba ne, Baban Injiniya. Kashe wutar nan."

Ya kashe, ya ture gilashin zuwa goshi.

"Daga makaranta aka kira ni. Wai an kama Dogo da ƙwaya."

"Wane Dogon? Namu?"

"Ina da wani ne? Jiya Alhamis aka yi binciken ɗakunan kwana. Malamin ɗakinsu ya zazzage akwatinsa tas, ya ɗaga shi ba komai a ciki, amma ya ji abu na kaɗawa. Suka sa sukudireba suka ɓamɓare ƙasan. Ashe ciki biyu gare shi. Ƙwayoyi farare ƙulle a leda, ba kwali, ba suna. Suka ce wannan ba aikin yaro mai sha ba ne, aikin mai sayarwa ne. Ranar Litinin kwamiti zai zauna, korarsa za su yi. Yaron da jarrabawar fita kawai ta rage masa!" Ta dube shi. "Akwatin nan kai ka ƙera masa shi."

Mai walda ya ɗauki tsumma yana goge hannun da ba abin da ya taɓa shi.

"Shi Dogon me ya ce?"

"Ya ce ba nasa ba ne. An tambaye shi na wane ne, ya yi gum. Har bulala an yi masa. Yanzu yana ɗakin mai gadi a tsare, ba ya zuwa aji. Ni abin da na zo tambaya, haka ka ƙera shi, ko wani ya kai wa aka ƙara masa?"

"Akwatuna nawa na ƙera a shekarar nan, Maman Dogo? Bari in yi tunani. Ki je gida, kar ki ɗaga hankalinki, za a san yadda za a yi."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta juya ta tafi. Bai iya komawa kan ƙofar ba.

Ƙwayoyin nan na ɗansa ne. Injiniya ake ce wa yaron, saboda tun yana rarrafe ba rediyon da ya tsira daga hannunsa. Farfaɗiya gare shi. A tsohuwar unguwarsu ta fara kayar da shi a bakin famfo, gaban jama'a, kuma daga ranar yara suka daina cin abinci kwano ɗaya da shi. Wata mata ta zo har gida ta karɓi kofin da ta ba su aro, ta jefa shi a shara a kan idonsu. Abin da ya tashe su daga can ke nan. A nan sabuwar unguwa ba wanda ya sani, har Maman Dogo. Likita ya ɗora yaron a kan magani, ɗaya da safe ɗaya da yamma, ciwon ya kwanta, aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba.

Da yaron ya ci jarrabawar shiga makarantar kwana, wadda Dogo ke ajin ƙarshe a cikinta, murna ta zo da damuwa. Mai walda ya san yadda ake yi a can, don shi ke kai Dogo a tsohuwar motarsa ta ɗaukar kaya duk farkon zango. Dokarsu ita ce ba ɗalibin da zai riƙe magani, ko na ciwon kai ne. Nas takan kafa tebur a bakin ƙofa da wani babban baho, iyaye na layi suna miƙawa, ita kuma tana ɗaga murya don mai rubuta mata ya ji: "Asma! Gyambon ciki! Fitsarin kwance!" Kullum da safe masu shan magani sukan jeru a ƙofar kilinik, kowa da kofinsa, sauran ɗalibai na wucewa zuwa ɗakin cin abinci suna ce musu, "Tsofaffi, an tashi lafiya? Ya ƙafa?" Mai walda ya hango bakin nas ɗin nan yana furta sunan ciwon ɗansa a bakin ƙofa, ya ce a ransa ba da shi ba.

Mutum da abin da ya iya yake magance damuwarsa. Ya ƙera akwati sabo fil, ya yi masa fenti shuɗi, ya sa masa wani fallen ƙarfe a ƙasa wanda in ba ka san ƙusar da ake dannawa ba, sai ka shekara kana zuba kaya ba ka san akwai wani ciki ba. Ya ɓare ƙwayoyin daga kwalinsu don kar wani ya karanta. Ya kira Dogo shago, ya ba shi akwatin kyauta, ya zaunar da shi a kan benci ya gaya masa komai. A makarantar kowane ƙaramin yaro yana da uban makaranta, babban ɗalibi mai kula da shi, shi kuma yana ɗebo masa ruwa. Injiniya zai kawo bokiti safe da yamma, Dogo ya miƙa masa ƙwaya, shi ke nan.

"Amma ka rantse mini," in ji mai walda a ranar. "Ko mahaifiyarka kar ta ji."

"Na rantse, Baba. Ai Injiniya ƙanena ne."

Kuma abin ya tafi daidai har kusan ƙarshen zango na biyu. Mai walda har yakan yi murmushi shi kaɗai in ya tuna dabarar.

Da ya koma gida cin abincin rana ya tarar da matarsa a kan keken ɗinki. Labari ya riga shi, don katangar ba ta da tsawo. Ta tsayar da keken.

"Tun jiya ke nan bai sha ba," ta ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na sani."

"Likita ya ce kar a kuskura a tsayar da shi farat ɗaya. Kana wurin ya faɗa."

"Na ce na sani. Ki bar ni in yi tunani."

"Wane tunani kuma? Ka tada mota mu je mu gaya musu. Ga ɗan mutane can a tsare saboda mu."

"Mu gaya musu, gobe duk makaranta ta ji, jibi unguwa ta ji. Kin manta kofin nan? Sai mu sake ɗaure kaya mu koma ina? Akwai hanya. Mai burodin da ke kai musu kullum mutumina ne, ni na yi masa akwatin bayan babur. Zan sa maganin a cikin burodi ya miƙa wa yaron hannu da hannu. Shi kuma Dogo, in ba su sami shaidar ya sayar wa kowa ba, gargaɗi za su yi masa."

"Wa ya ce maka?"

"Na san mutane."

"Ka san ƙarfe dai," ta ce, ta ci gaba da taka keken.

Washegari da hantsi mai burodi ya tsaya a ƙofar shago, ko injin babur bai kashe ba. Ya miƙo burodin yadda aka ba shi.

"Oga, riƙe kayanka. Wurin nan ya zama barikin soja. Mai gadi har matsa burodi yake yi ɗaya bayan ɗaya kamar mai zaɓen tumatir. An ce wani yaro aka kama da buhu guda na ƙwaya."

"Buhu?"

"Haka ake faɗa. Wasu sun ce har da bindiga. Ni dai ina da iyali, ba zan rasa kwangilata a kan burodi mai ciki ba. Me ke ciki ma tukuna?"

"Maganin ƙarin jini ne."

"To jinin ya jira hutu." Ya ja babur ya yi gaba.

Ranar Lahadi mai walda ya buɗe shago duk da ba ya buɗewa, don gidan ba ya zaunuwa. Matarsa ta daina yi masa magana, abinci kawai take ajiyewa ta wuce. Ta bayan katanga kuma shiru, injin markaɗen da ke hana su barcin rana bai yi ko tari ba. Mata na zuwa da robobinsu suna komawa da su. Ya riƙa gaya wa kansa yaron ya daɗe bai faɗi ba, 'yan kwanaki ba za su yi komai ba, ranar ziyara ta kusa. Ya ɗauki ƙarfe ya ajiye, ya ɗauki wani. Da la'asar ya leƙa ya ga Maman Dogo a ƙofar gidanta tana wanke wani tsohon buhu tana shanyawa. Ya gane na kwaso kayan ɗanta ne, tunda akwatin ya zama shaida.

Litinin da sassafe matarsa ta ajiye kwalin maganin a kusa da kofin shayinsa, da katin asibiti a kai. Ya sa su a aljihu ya fita. Ya ƙwanƙwasa ƙofar Maman Dogo don ya rage mata hanya, aka ce ta riga ta tafi a motar haya. Har ya kama hanya bai yanke abin da zai faɗa ba. Yana tuƙi yana shirya magana: wataƙila ya ce shi ya manta ƙwayoyinsa a ciki tun wajen ƙira, wataƙila ya ce na hawan jini ne.

A barandar ofishin shugaban makaranta ya same su. Dogo na zaune a benci, kansa a ƙasa, uwarsa a gefe da buhunta a naɗe. Akwatin na ajiye a gabansu a buɗe, fallen ƙarfen a lanƙwashe inda aka ɓamɓare shi da ƙarfin tsiya. Dogo ya miƙe ya rusuna. Ya rame, idonsa ya faɗa. Ya matso kusa yadda uwarsa ba za ta ji ba.

"Baba, ban faɗa ba."

Mai walda ya ji kamar an ɗiga masa narkakken ƙarfe a ƙirji. "Ina ƙanenka?"

"Yana kilinik. Jiya da rana ya faɗi a ɗakin cin abinci. Ni ina tsare, sai da safen nan mai gadi ke ba ni labari. Na so in aika masa ya je wurin Sista tun ran Juma'a, amma ka ce ko Mama..."

Bai tsaya jin sauran ba.

Kilinik ɗin ɗaki biyu ne, da gadaje na ƙarfe da wani kabad mai kwaɗo. Injiniya na kwance a gadon bakin taga, leɓensa a kumbure, filasta a goshi. Da ya buɗe baki zai gaida ubansa, haƙorin gaba ɗaya babu rabinsa. Nas ta fito daga ɗaya ɗakin, mace mai jiki, tabarau rataye a wuya.

"Kai ne mahaifinsa? Tun jiya muke kiran lambar da ke wurinmu, ba ta shiga."

"Na canza layi," in ji shi. "Me ya sami haƙorinsa?"

"Cokali. Da ya faɗi yana jijjiga, wani babban ɗalibi ya danna masa cokali a baki wai kar ya haɗiye harshe. Wasu suka danne shi, wasu suka watse da gudu suna ihu kar yawunsa ya taɓa su. Da na san yana da shi, da tun ranar farko na tara 'yan ɗakinsu na nuna musu: a kwantar da shi ta gefe, a kawar da abin da zai buge shi, kar a sa masa komai a baki, kuma ciwon ba ya yaɗuwa. Abin da na yi wa sauran ke nan."

"Sauran?"

"Kana tsammani ɗanka ne farau? Malam, tambaya ɗaya zan yi maka, don shi ya ƙi ba ni amsa. Wannan ne karo na farko?"

Injiniya na kallon ubansa, yana jira ya ji abin da aka yarda a faɗa. Wannan kallon ne ya karya mai walda.

"Ba shi ne na farko ba."

"Yana shan magani?"

"Yana sha."

"A ina? Ni ban taɓa ganinsa a layina ba."

"Layinki!" Muryarsa ta tashi ba da shirinsa ba. "Sista, ke da kike tsayawa a bakin ƙofa kina shelar ciwon 'ya'yan mutane kamar mai kiran fasinja a tasha? In kawo miki ɗana ki yi masa tambari?"

Ta cire tabarau daga wuya ta ajiye a tebur. "Ni kaɗai ce a kan yaran nan duka, ranar dawowa ko ruwa ba na samun sha. Bakina yana da ƙarfi, an sha gaya mini, ban musa ba. Da ka ja ni gefe ka ce Sista ga abin da ke akwai, da na cinye ka? To yanzu ga shi an yi shelar a ɗakin cin abinci, gaban kowa da kowa, ba da bakina ba. Ina maganin?"

Ya zaro kwalin daga aljihu ya miƙa mata. Ta karanta, ta ɓare ɗaya ta duba, ta buɗe kabad ta ɗauko ledar da aka kama, ta haɗa su a tafin hannunta. Ta dube shi ta saman ido.

"Innalillahi. Yaron can da ke baranda."

"Shi ne."

"Kuma tun Juma'a ka sani?"

Ta ɗebo ruwa ta ba Injiniya ƙwaya ɗaya, ta ce anjima za ta kai shi babban asibiti likita ya duba shi, sannan ta ce wa uban, "Taso. Da bakinka za ka faɗa musu, ba da nawa ba."

A ofis akwai shugaban makaranta da malamin ɗakin kwana da wasu malamai. Aka shigo da Dogo da uwarsa da akwatin. Mai walda bai zauna ba. Ya ce akwatin aikinsa ne, maganin na ɗansa ne, ya kira sunan ciwon a fili, sunan da ko a gidansa ba a kira, sai dai a ce "abin nan". Ya ji Maman Dogo ta ja numfashi a bayansa.

Malamin ɗakin kwana bai gamsu ba. "Ta yaya za mu san ba haɗa baki kuka yi don a ceci yaron ba?"

Mai walda ya durƙusa, ya mayar da fallen ƙarfen mazauninsa da tafin hannu, ya danna ƙusa ta kusurwar hagu. Fallen ya ɗago da kansa, a hankali, ko ƙara babu.

"Da ba sai kun lalata shi ba," ya ce, kafin ya tuna inda yake.

Ba wanda ya yi dariya. Shugaban makaranta ya ce su jira a waje.

Hukuncin bai daɗe ba. Ba za a kori Dogo ba, za a kuma sanar a taron safe cewa ba ƙwayar maye ba ce. Amma ya karya dokar riƙe magani, ya kuma ɓoye abin da ya kusa halaka ƙaramin yaro, don haka an cire shi daga ɗakin kwana. Zai rubuta jarrabawarsa, sai dai daga gida zai riƙa zuwa. Injiniya kuma zai zauna in likita ya yarda, maganinsa a kabad ɗin nas, kamar na kowa.

Mai walda ya koma kilinik yin sallama. Yaron ya juya fuska wajen taga.

"An ce ba wanda ya zauna a bencin da na faɗi," ya ce, maganar na fita da iska ta gurbin haƙorin. "Wai har an fitar da shi waje."

"In kana so mu tafi gida, yanzu sai in ɗauke ka."

Yaron bai juyo daga taga ba. Can ya ce, "Muna da gwajin lissafi ran Laraba. Baba, a layin kowa da kofinsa yake zuwa. Nawa ya ɓace jiya."

"Zan kawo maka."

A bakin ƙofar makaranta ya tarar da Maman Dogo ta gama ɗura kayan ɗanta a buhu. Akwatin na gefe, ba komai a ciki. Ya buɗe mata ƙofar mota.

"Ku shigo in kai ku. Kuma kullum ni zan riƙa kawo shi jarrabawa in mayar da shi, wannan a wuyana yake."

"A'a, mun gode."

"Maman Dogo, don Allah."

"Baban Injiniya, da ka gaya mini ciwon yaron nan, wallahi da a bayana zan goya shi. Ƙanwata da shi ta girma, tabarma ɗaya muke kwana. Amma na zo shagonka ina kuka a ciki, ka dube ni ka ce akwatuna nawa ka ƙera." Ta ɗora wa Dogo buhun a ka. "Ga akwatinka nan. Mu ba mu saba da mai ciki biyu ba."

Dogo ya waiwayo sau ɗaya, kamar zai ce wani abu, uwarsa ta tura shi gaba. Suka tsaya a bakin titi suna jiran motar haya. Mai walda ya ɗauki akwatin ya sa a bayan mota.

Bayan 'yan kwanaki injin markaɗe ya ci gaba da ruri ta bayan katanga, sannan wata safiya ya yi wata irin ƙara ya tsaya. Mai walda ya san ƙarar, ya san ƙarfen da ya karye, har ya ware sandar waldar da ta dace da shi ya ajiye a kan akwatin shuɗin da ke kusurwar shago. Da hantsi ya hango ta tafe da ƙarfen a hannu. Ta gaishe shi yadda ake gaida kowa, ta tambayi jikin Injiniya, ya ce da sauƙi, ta ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta wuce zuwa shagon yaron da ke ƙarshen layi, wanda ko ƙafar kujera ya liƙa sai ta sake ɓallewa.

Ya bi ta da kallo har ta shiga, sannan ya sauke gilashin a fuskarsa.